Yadda zaka zaɓi sikof na farautar nesa ba tare da ka zubar da kuɗinka ba

Yawancin masu son ɗora sikof, wato madubin hangen nesa da ake saita harbi dashi, a kan bindigar farauta tambaya ɗaya suke fara yi, wanne ne yafi jawo abu kusa? Sai kaga mutum ya liƙe wa mai 25x ko 32x dan kawai lambar tafi girma, ya biya kuɗi masu yawa ko kuma ya kwaso na araha mai dogon suna, ranar da ya shiga daji da sassafe dabba ta ɓullo masa a mita 80 ya ɗaga bindiga ya rasa ma inda take a cikin madubin. Ƙarfin jawowa yana cikin abubuwan ƙarshe da zaka duba. Abin da ke raba sikof na gaske da na banza shine in ka saita shi yau gobe ma ka same shi inda ka barshi, in ka murɗa shi yaje daidai inda ka aike shi ya kuma dawo, sannan ya nuna maka dabba tar lokacin da haske bai wadata ba. A kan wannan zamu bi abin daki-daki.

Takarda tukunna

A Najeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki harda raifil na soja irin 7.62mm da .303, akwai irinsu dabul barel da raifil ɗin farauta da bindigar iska waɗanda lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai kuma bindigar toka ta maharbanmu na gargajiya wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bada izininta. A 2023 hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bada sabon lasisi, dan haka kaje da ƙafarka ka tambayi halin da ake ciki kafin ka kashe ko sisi. Shigo da kayan da suka shafi tsaro kuma yana buƙatar takardar End User Certificate daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kada kayi oda ta intanet kace in ya iso ma gani. Ita ma Amurka tana da dokar fitar da sikof, shiyasa shaguna da yawa a can basa turowa waje. Yankari da Gashaka Gumti da sauran gandun daji na gwamnati kuwa ba wurin farauta bane kwata-kwata.

Gaskiyar magana ita farautar nesa da raifil mai madubi gidanta wasu wurare ne. Filin Karoo na Afirka ta Kudu inda ake bin springbok, wata 'yar barewa ce mai tsananin wayo wadda bata yarda a matso ta, da Namibiya inda ake harbin gemsbok, wata babbar dabba mai dogayen ƙaho, a fili fetal, da jihar Wyoming ta Amurka. Kusa damu akwai arewacin Kamaru, yankunan farauta masu lasisi da ke kewaye da gandun Benuwe da Faro da Bouba Ndjida, inda ake farautar gwanki da kanki da ɓauna lokacin rani. In kana zaune a irin waɗannan ƙasashe, ko kana shirin zuwa da izini, ko kana aiki da masu kai baƙi farauta, to da kai nake.

Nisa nawa kake harbi a zahiri

Zauna ka ba kanka amsa ta gaskiya, dan komai a kanta zai ɗoru. A dajin arewacin Kamaru mai itatuwa da doguwar ciyawa yawancin harbi baya wuce mita 200, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai. A Karoo mita 250 zuwa 350 ba abin mamaki bane. Ni a ganina duk abin da ya haura mita 300 a kan dabba mai rai ya riga ya zama nesa, wanda ya wuce 500 kuma a bar wa ƙalilan ɗin da ke yawan atisaye suna ƙona harsashi kusan kowane mako.

Dalili kuwa lissafi ne. Ɗauki raifil mai cin harsashin .308 Winchester da aka saita a mita 100, harsashinta zai faɗi kusan santimita 45 a mita 300, a mita 400 faɗuwar ta kai wajen mita guda. Iska mai gudun kilomita 16 a awa in tana kaɗawa ta gefe zata ture shi wajen santimita 20 zuwa 25 a mita 300. Gashi wurin da zuciya da huhun ƙaramar barewa suke bai wuce faɗin santimita 15 zuwa 20 ba. Kaga kenan aikin sikof a nan shine ya baka hanyar gyara wannan faɗuwa da wannan turi daidai wa daida, ganin dabbar ƙatuwa kaɗai baya kashe ta.

Lambobin da ke jikin kwali

In kaga an rubuta 4-16x44, na farkon yana nufin yana jawowa daga ninki 4 zuwa ninki 16, 44 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. A 10x dabbar da ke mita 400 zaka ganta yadda zaka ganta da idonka a mita 40, wanda ya ishe ka ka ɗora saiti bayan kafaɗarta. Shi yasa na fi ba mutane shawarar 3-15x ko 4-16x, in filin ya buɗe sosai 3-18x ko 4.5-22x, iyaka kenan.

Lambar ƙasa ma ka kula da ita, ita mutane ke mantawa. A 3x kana ganin faɗin fili kusan mita 12 a nisan mita 100, a 25x kuwa bai kai mita 2 ba, ka zama kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ka harba, bindiga ta girgiza, dabba ta fita daga madubi, baka san ko ta faɗi ko ta ruga ba, baka ga inda harsashi ya sauka ba balle ka gyara. Sannan da rana tsaka a ƙasa mai zafi akwai kawalwalniya, wannan rawar da iska ke yi saman ƙasa, duk yadda ka ƙara jawowa haka kake ƙara girmanta, a 20x sai kaga dabbar tana narkewa tana lilo, dole ka dawo 10x ko 12x kafin ka ganta da kyau. Hazon hunturu ma haka, babu ninkin da ke huda ƙura. Ka saba da yawo da sikof ɗinka a lambar ƙasa, in nesa ta samu akwai lokacin murɗawa sama, in kusa ta ɓullo babu lokacin murɗawa ƙasa.

Gilashin gaba kuma ga lissafinsa mai sauƙi. Raba faɗinsa da ninkin da kake kai, abin da ya fita shine kaurin hasken da ke fitowa zuwa idonka. Mai 44 a 10x zai baka milimita 4.4, mai 56 a 25x zai baka 2.2 kacal. Ɗigon baƙin idon matashi a duhu yana buɗewa har wajen milimita 7, na wanda ya manyanta wajen 5, dan haka da magariba ko asuba in hasken da ke fitowa ya gaza 4 hoto zai dushe, magani shine ka rage jawowa. Tsakanin 42 da 50 ya ishi farauta. Mai 56 yana da haske amma yana da nauyi, kuma dole ka ɗaga shi sama da dogayen zobba, wato ƙarafan da ke riƙe sikof a kan bindiga, har kuncinka ya bar jikin katakon bindiga, wanda shi kanshi yana ɓata saiti.

Ingancin gilashin yafi faɗinsa muhimmanci. Nemi wanda aka rubuta fully multi-coated, ma'ana duk fuskokin gilasan an shafa musu maganin hana haske tarwatsewa, in akwai ED ko HD a jiki to ana nufin gilashin da ke rage wannan shuɗi-shuɗi ko ja-ja da ke fitowa a gefen abu. Amma rubutun kwali kowa na iya yi, gani ya kori ji, zan zo kan yadda zaka gwada.

MIL ko MOA

Waɗannan ma'aunin kusurwa ne guda biyu da ake gyara saiti dasu. MIL ɗaya, wasu na rubuta MRAD, santimita 10 ne a mita 100, 20 a mita 200, 30 a mita 300, haka dai. Kowane ƙas ɗaya na mamurɗi, abin da ake murɗawa a jikin sikof dan gyara saiti, 0.1 ne, wato santimita 1 a mita 100. MOA ɗaya kuma inci 1.047 ne a yadi 100, wajen santimita 2.9 a mita 100, ƙas ɗinsa galibi kwata ne, wajen milimita 7. MIL ɗaya daidai yake da MOA 3.44.

Babu wanda yafi wani harbi daidai. Amma mu da muke auna fili da mita, MIL yafi kwanciya a kai, goma-goma ne ba sai ka tsaya lissafin kwata da rabi ba dabba na tsaye tana kallonka. In abokan farautarka duk MOA suke amfani dashi to bi su, dan in wani ya hango maka yace ƙara biyu ku zama yare ɗaya kuke yi. Abin da zaka guje wa ko a kyauta shine sikof ɗin da zanen cikinsa MIL ne mamurɗinsa kuma MOA, tsofaffin ƙira da yawa haka suke kuma har yanzu suna yawo a kasuwar na hannu.

FFP da SFP, nan mutane ke faɗawa rami

Zanen saiti, wato gicciyen da kake gani a ciki, ana sa shi a ɗayan wuri biyu. A FFP zanen yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoto in ka murɗa jawowa, dan haka alamar MIL ɗaya MIL ɗaya ce a kowane ninki. A SFP zanen baya canza girma, hoton ne kawai ke girma, dan haka alamominsa gaskiya suke faɗa a ninki ɗaya tak, galibi na ƙarshe.

Ga yadda abin ke faruwa. Kana da 4-16x SFP, katin da ka rubuta faɗuwar harsashinka yace a mita 300 ka riƙe 1.5. Kawalwalniya ta dame ka ka sauko 8x, ka manta, ka ɗora alamar 1.5 a ƙirjin dabba. A 8x wannan alamar ta zama 3, ka ɗaga santimita 90 maimakon 45, harsashi ya wuce ta saman bayanta, ko mafi muni in babbar dabba ce ya shafi ƙashin bayanta ta tafi da rauni. Wannan ba laifin bindiga bane kuma ba laifin hannu bane.

To wanne zaka ɗauka? In zaka riƙa riƙe faɗuwa da iska da alamomin ciki, FFP. Aibinsa a ninkin ƙasa zanen yana sirancewa har ya kusa ɓacewa a cikin duhun ganye, shi yasa FFP na farauta ya kamata ya zama mai wuta a tsakiya ko mai kaurin sanduna a gefe. In kuwa kai mai murɗa faɗuwa ne ka harba da tsakiyar gicciye, kuma harbinka bai cika wuce mita 350 ba, SFP ya ishe ka, yafi sauƙin gani da asuba kuma yafi araha da sauƙin nauyi. Ni dai ga wanda zai haɗa daji da fili na fi karkata ga SFP mai mamurɗi nagari, FFP kuma ga ɗan fili zalla.

Shi zanen kanshi kada ya cika tarkace. Wasu suna da ɗigogi rututu a ƙasa, na masu gasar harbin ƙarfe ne, a kan fatar dabba mai launin ƙasa sai su rufe maka ido. Gicciye siriri a tsakiya da alamar rabin MIL a gefe dan iska ya wadatar. Masu alamar BDC, wato alamomin faɗuwar harsashi, da aka riga aka rubuta 200, 300, 400 an lissafa su ne da wani harsashi a wani gudu a wani yanayi, naka ba lallai ya dace ba sai ka gwada kowace alama a fili. Wutar ciki galibi batirin CR2032 take ci, a tabbata tana raguwa sosai, wuta mai ƙarfi da magariba makantar da kai zata yi.

Mamurɗi, nan kuɗinka ke tafiya

In da za'a ce in zaɓi abu ɗaya in zuba kuɗi a kai to wannan ne. A cikin sikof akwai ƙaramin bututu da sifirin ke tokare dashi, mamurɗin sama da na gefe su ke tura shi. A na arha zaren sukurun baya daidai, sifirin ɗin ba ƙarfi, sai ka murɗa ƙas 15 ya tafi na 13, ka dawo ziro, wato saitinka na asali, bai dawo ba, ko mota ta yi ta jijjiga shi a hanyar burji ya goce kai baka sani ba. Duk kyan gilashi in wannan ya lalace ba abin da ka saya.

Abubuwan da zaka nema, ƙas ɗin ya zama kana jinsa a yatsa kana jinsa a kunne ba laɓo-laɓo ba, layin lamba ya tsaya daidai kan alama. Ya zama da zero stop, wato birkin da ke tsayar da kai a ziro in kana dawowa, dan kada ka zarce zagaye guda cikin gaggawa. Na sama ya zama mai kulle, na gefe kuma mai murfi, saboda rataya bindiga a kafaɗa da kutsawa cikin ƙaya suna murɗa buɗaɗɗen mamurɗi ba tare da ka ji ba.

Kaurin jikin sikof kuma uku ne aka fi sani, inci 1, milimita 30, milimita 34. Mai kauri baya ƙara haske yadda masu shago ke faɗa, abin da yake ƙarawa filin murɗawa ne. Tunda .308 bata buƙatar ko MIL 4 cikakku zuwa mita 500, mai 30 ya ishe ka har da saura. Manyan 5-25x56 masu 34 suna haura kilo guda, 3-15x44 na farauta kuwa wajen giram 550 zuwa 600 ne, wanda ya taɓa bin sawun gwanki tun hantsi har la'asar ya san bambancin.

Faralaks da tazarar ido

Sikof na nesa dole ya zama da mamurɗi na uku a hagu, na faralaks. Masu sauƙi an ɗaure nasu a yadi 100 ko 150, a nesa in idonka ya ɗan goce daga tsakiya sai gicciye ya goce daga kan abin harbi. Gwajinsa, kafa bindiga a kan buhun yashi ka saki, ka girgiza kanka kaɗan sama da ƙasa kana kallo, in gicciye na yawo a kan abin to murɗa har ya tsaya cak. Kada ka dogara da lambobin da ke jikin mamurɗin, kusan-kusan ne.

Tazarar ido kuma, wato nisan da ke tsakanin idonka da gilashin baya, ka nemi santimita 9 zuwa 10. Bindiga mai naushi irin .300 Winchester Magnum ko .375 H&H in tazarar ta gaza, bakin sikof zai fasa maka gira, musamman in kana kwance kana harbi sama kan tudu.

Kuɗi da suna

Araha bata ado. Masu farauta da yawa na cewa ka kashe wa sikof kwatankwacin abin da ka kashe wa bindiga, ba doka bace amma akwai gaskiya a ciki. A sama akwai Swarovski da Kahles na Ostiriya, Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus, Nightforce da Leupold na Amurka. A tsakiya akwai Vortex, Meopta na ƙasar Cek, Burris, da Lynx wanda mafarautan Afirka ta Kudu suka sani sosai. In kana son misalin girman da nake nufi duba Leupold VX-5HD 3-15x44, Zeiss Conquest V4 4-16x44, Swarovski Z5 3.5-18x44, Vortex Razor HD LHT 3-15x42, ko Nightforce NX8 2.5-20x50 in FFP kake so kuma nauyi bai dame ka ba.

Garanti abu ne mai kyau, Vortex da Leupold sun yi suna a kansa, amma ka tuna garanti a Amurka yake kai kana Garwa ta Kamaru ko Windhoek ta Namibiya, aikawa da dawowa wata da watanni ne ga takardun kwastan. Wanda baya lalacewa yafi wanda ake gyarawa kyauta. Jabu kuma sun cika intanet, an kwaikwayi kwali da tambari tsaf, in kaga farashi ya faɗi warwas to tsaya, karɓi lambar siriyal ka tura wa kamfanin su tabbatar. In kuɗinka bai kai ba gara 3-9x40 na kamfanin kirki ka tsaya a mita 250, da 6-24x50 marar asali.

In ka samu damar riƙe shi kafin biya, kada ka gwada a cikin shago ƙarƙashin fitila, kowane sikof kyau yake a nan. Roƙi mai shago ku fito waje dab da magariba da guda biyu ko uku, duk ka sa su 10x, ka nemi inuwar gindin bishiya mai nisa ka duba, wanne ne ke nuna maka ɓawon itacen da saiwoyinsa, wanne ne ke nuna baƙi kawai. Juya wajen faɗuwar rana, ba cikin ranar ba dan zata ƙona maka ido, ka gani ko hoton ya yi fari fat. Duba gefe-gefen da'irar ko ya dushe. Sannan a ninkin ƙarshe ka matsa kanka kaɗan, in hoto na ɗaukewa da ɗan motsi kaɗan to a daji zai wahalar da kai.

Ɗaurawa

Sikof mai tsada a kan zobban banza asara ce. Sayi zobba masu kyau daidai da kaurin jikinsa, mafi gajarta da zasu bar gilashin gaba bai taɓa bututun bindiga ba. Relin Picatinny, wato ƙarfen da ake kafawa saman bindiga zobba su hau kai, yafi sauƙin sha'ani, mai gangaren 20 MOA kuma sai in sikof ɗinka bashi da filin murɗawa sosai. Ɗora shi sako-sako, sa shi a ninkin ƙarshe, rufe ido ka ɗaga bindiga yadda ka saba, buɗe ido, in baka ga cikakkiyar da'ira ba ka matsa sikof ɗin gaba ko baya, kada ka matsa wuyanka. Rataya igiya da dutse a nesa ka daidaita tsayuwar gicciye da ita. Sukurun zobba galibi inci-fam 15 zuwa 18 ake ɗaure su, wajen Nm 2, bi abin da kamfanin ya rubuta kuma kayi da sukundireba mai awo, ɗaurin ƙarfi-ƙarfi yana matse bututun ciki ya hana mamurɗi aiki. Daga nan kalli sararin sama ko farin bango ka murɗa zoben ido har gicciye ya fito baƙi siɗik da kallon farko, ka barshi a nan. Ƙaramin lebur mai kumfa a jikin sikof shima ka sa, karkatar bindiga kaɗan tana kai harsashi gefe a nesa.

Gwajin da zai faɗa maka gaskiya

A filin harbi mai izini, auna mita 100 da tef ko na'urar auna nisa, banda taku. Kafa dogon kwali, ja layi a tsaye da taimakon igiya mai dutse, yi ɗigo a ƙasan layin. Saita ziro a kan ɗigon da harbi uku zuwa biyar. Sai ka murɗa sama ƙas 50, wato MIL 5, ka ci gaba da saita wannan ɗigon na ƙasa, ka sake uku. Je da tef ka auna daga tsakiyar rukunin ƙasa zuwa tsakiyar na sama. Santimita 50 ya kamata ka gani, kuma a kan layin. In ka ga 47, sikof ɗinka yana cin kashi 6 cikin 100, a mita 500 wannan wajen santimita 11 ne, rabin ƙirjin barewa kenan. In kuskuren baya canzawa duk sanda ka maimaita zaka iya sa shi a lissafi, in yau 47 gobe 52 to mayar musu da abinsu. In rukunin sama ya goce gefen layi, gicciyenka ne a karkace. Dawo ziro ka sake uku, dole su faɗa cikin ramukan farko ko dab dasu. Bar bututu ya huce tsakanin rukuni da rukuni.

Sai katin faɗuwa. Manhajoji irinsu Hornady 4DOF da Applied Ballistics zasu baka lamba, amma gudun da aka rubuta a kwalin harsashi ba lallai ya zama na bututunka ba, kuma a tudu irin Windhoek mai tsayin wajen mita 1,700 iska ta fi sirantaka, harsashi baya faɗuwa yadda yake yi a bakin teku. Harba a 200, 300, 400 ka rubuta abin da ka gani da idonka, ka manna katin a jikin katakon bindiga. Na'urar leza ta auna nisa kuma dole ce, a wajen mita 400 kuskuren mita 25 kawai yana sauya faɗuwar .308 da wajen santimita 15.

Iyakarka kuma ga yadda zaka santa. Yanki kwali mai faɗin santimita 20, ka harba daga yadda zaka harba a daji, kan sanduna ko kan jaka ko a zaune, ba kan benci ba, harbin farko da bututu mai sanyi. Nisan da kake samun 9 cikin 10 shine naka, ko da sikof ɗin yana nuna maka gashin idon dabba a ninkin wannan nisa. Dabbar da aka fasa wa ciki tana iya kwana tana wahala a cikin ciyawa, kuma ga musulmi akwai ƙarin nauyi, kayi bisimilla ka harba, in ka iske ta da rai sai ka yanka, tafiyar mita 400 a cikin duwatsu da kwazazzabo kuwa tana cin lokaci.

Ƙura kuma ka kiyaye ta. Sa murfi gaba da baya, in gilashi ya yi ƙura ka fara hure ta da abin hurawa ko buroshi mai laushi kafin ƙyalle ya taɓa shi, bakin riga da rawani suna goge maganin da aka shafa. Kada ka bar bindiga a kan dashbod cikin rana. In zaka shiga Afirka ta Kudu da bindigarka fom ɗin SAPS 520 zaka cike na izinin wucin gadi, in kuma ta kamfanin farauta zaka ara ka tambaye su tun kana gida wane sikof ne a kai, MIL ne ko MOA, FFP ne ko SFP. Ko taka ce ko ta aro, bayan jirgi da doguwar tafiyar mota ka nemi a kai ka wurin gwaji ka harba uku a mita 100 kafin ka shiga daji.